Zauren da ke Hannun Hagu

Ba zan iya rantsewa cewa duk abin da zan rubuta a nan haka ya faru daki-daki ba. Shekaru sun ja, kuma na lura labarin da mutum ya sha maimaitawa yakan yi sumul fiye da yadda abin ya kasance. Abin da na tabbata shi ne, a shekarun farko ne bayan an cire Kebbi daga Sakkwato, lokacin da na gama bautar ƙasa aka tura ni koyarwa a wata makaranta a Maiyama. Ko rani na biyu ne ko na uku, a nan ina da shakka.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, Yaya ne ya riƙe gidanmu na Jiga Makera, da damina gero da dawa, da rani albasa a fadama. Matarsa 'yar Kawu ce, wan Inna. Wato Kawu kawunsa ne kuma surukinsa, ita kuma taubashiyarmu ce, tun muna yara ni da ita ba mu haɗuwa ba tare da tsokana ba.

Ciwon Yaya ya fara da zazzaɓi da ciwon kai wanda ya ƙi sauka. Da wuyansa ya ƙage aka ce sanƙarau ne. An yi masa allurai a Jega, ba a ga sauƙi ba, ya fara sambatu, sai aka ce mu wuce Sakkwato. Ni na tafi da shi jinya, tunda ni ke jin Turanci. Suka ɗebi ruwan bayansa, daga baya likita ya ce ƙwayar tarin fuka ce ta hau kai. Da na kawo wa Inna wannan bayani ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To ai bai tari." Na yi mata bayani iyakar yadda na fahimta, ban kuma tabbata ni kaina na fahimta sosai ba.

Kalmar tarin fuka ce ta riga mu isa gida. Kawu na jin ta ya zo ya ɗauke 'yarsa da jaririnta ya mayar da su gidansa. Duk zaman da muka yi a asibiti bai zo dubiya ba. Yakan aiko da zabbi da gero da gaisuwa, amma shi bai taka ba. Ba na faɗin wannan don in ɗora masa laifi. Inna ta taɓa ba ni labari cewa suna yara tari ya shiga gidansu ya ɗauki ƙannensu biyu a shekara guda, kuma Kawu ne ya riƙa kwana da su. Ina jin wannan tsoron ne bai taɓa barinsa ba.

Allah ya tashi kafaɗun Yaya. Aka sallame mu da allurai da ƙwayoyi na watanni masu yawa, ya sha su duka bai tsallake ba, domin ni na tsaya a kansa har ya riƙa ce mini ɗan sandan magani. Da likita ya ce babu wanda zai ɗauka a wurinsa, Kawu da kansa ya rako 'yarsa har ƙofar gidanmu, bai shiga ba. Da maganin ya ƙare aka yi sadaka ta godiya a ƙofar gida. Aka soya masar sadaka, dangin Inna suka zo daga Karaye, abokan noman Yaya suka zo daga Gehuru, malamai suka yi addu'a. Kawu ya zauna can gefe kansa a sunkuye. Yaya ya je ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba, ni kam ban ga wani abu a fuskar Yaya ba. Kowa ya watse a kan cewa ciwo ya wuce, kuma a garinmu abin da aka yi wa sadaka ba a son sake ambatonsa.

Ya kamata in bayyana yadda hanyar take. Daga gidanmu zuwa fadama dole ka bi ta ƙofar gidan Kawu. In za ka tafi, zaurensa yana hannun hagu, in kana dawowa yana dama. Kawu kuwa tun da ya bar wa 'ya'yansa noma, kullum da hantsi yana kan buzunsa a bakin zauren, dattawan unguwa biyu ko uku suna tare da shi. Duk mai keke yakan sauka in ya zo daidai su. Suruki kuma tun daga nesa yake sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa, sai an ce masa ya tashi. Yaya ya yi shekaru yana haka, har dattawan kan ce wa samari su koya a wurinsa.

Wata Alhamis na dawo daga Maiyama, bayan sadakar da watanni, lokacin dashen albasa ne, na tarar da Inna ba ta ci abincin rana ba. Ba ta kiran sunan Yaya, kasancewarsa ɗan fari, sai ta ce, "Wanka na so shi raba ni da ɗan'uwana."

Na ce me ya yi.

Ta ce kwana da kwanaki yana wuce Kawu a kan keke da safe, ba sauka, ba ko ɗaga hannu, a gaban mutane. In yamma ta yi kuma, lokacin da dattawan sun watse Kawu na shi kaɗai, sai ya sauka ya cire takalmi ya gaishe shi kamar ba abin da ya faru. Wannan na yamman shi ya fi ƙona wa Kawu rai. Ya ce a wulaƙanta shi a bainar jama'a, a zo a gaishe shi a ɓoye. Kuma shi da dattawan duka sun riga sun san dalili, a ganinsu: ramuwa ce ta dubiyar da bai je ba. Ranar nan ya aiko wa Inna cewa in yaron nan ba ya son su, ya maido masa 'yarsa ta huta har zuciyarsa ta sauka. Kowa ya san in ta tafi a kan irin wannan magana, dawowarta sai an sha wahala, in ma ta dawo.

Na samu Yaya a lambu yana sakin ruwa a komaye, wato fangalin da ake dasa albasa. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye shi, domin ba ƙaramin abu ba ne ƙane ya tuhumi wansa. Ya miƙe ya dube ni.

"Kawu ba ya fitowa da sahe yanzu," ya ce. "Ni har na so in tambayi ɗiyarsa ko lahiya."

Na ce an ce yana fitowa.

"Wallahi ba ya nan. Ni mahaukaci na in wuce Kawu bisa keke? Kai ɗan boko, wa ke sa ka wanga aiki?"

Na kai wa Inna amsarsa, ita kuma ta kai wa Kawu, da fatan a huce. Sai abin ya ƙara lalacewa. Yanzu ga raini ga rantsuwa a kan ƙarya.

Washegari da hantsi na je na zauna cikin dattawan. Bayan gaisuwa Kawu ya ci gaba da jan tazbaha. Can sai ga Yaya a kan kekensa, fartanya a ɗaure a baya. Na zuba masa ido. Fuskarsa a sake take, ba fushi, ba ɗaure gira irin ta wanda ya ƙudura wani abu. A daidai mu, ta hannun dama, wata tsohuwa mai ƙosai tana zaune jikin katanga, ya rage gudu ya ce mata, "Ina kwana, Gwaggo," ya wuce. Tsakaninsa da buzun Kawu bai fi a miƙa sanda ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "To ka gani da idonka, Malam. Mai ƙosai ta fi mu."

Kawu ya ce, "Ku bar shi. Ni na jawo." Ya faɗe ta a hankali, ba da faɗa ba. Ban taɓa ganin tsufansa kamar ranar ba.

Na koma gida kaina a ɗaure. Na yi tunanin ko ciwon ya taɓa masa hankali, na yi tunanin ko da gaske ramuwar ce ni ban san wana ba. Wasu a unguwa sun fara zancen sammu. Matar Yaya tana gindin rudu, wato rumfar karan da ake ajiye albasa, tana tsince ruɓaɓɓu daga ragowar ta bara. Ta ce, "Ɗan boko, an kai ƙara wurinka ka kasa shari'a?"

Na ce ai ke za a yanke wa hukunci, ki fara ɗaure kayanki.

Ta yi dariya kaɗan, dariyar ta tsaya. Ta ci gaba da juya albasa ɗaya a hannunta. Sannan ta ce in ta gaya mini wani abu, kada in kai wa babanta. Ta ce ta daɗe da daina ajiye masa abinci ta hagu, domin in ta ajiye sai ya zauna yana jira har ya yi sanyi. Ta ce kafaɗarsa ta hagu duk tabo ne na bugun ƙofar zaure. In yana karatu da asuba yakan tsaya a tsakiyar layi yana laluben abin da ke gaba, shi da ya san wurin tun yana yaro. Ciwon kan ma ya dawo, yana ɓoyewa. Kuma ranar nan ɗansu ya rarrafo ta hagunsa, saura kaɗan ya taka shi, da ta yi magana ya ce daga ina yaron ya fito.

Na ce me ya hana ta faɗa tuntuni.

Ta ce, "An yi sadaka, in tashi in ce ciwo bai tahi ba? Kuma in Baba ya ji ya dawo, mi kake zato zai yi? Wancan karon da anka ɗauke ni, ban san ko zan sake ganinai da rai ba."

Wato ta zaɓi a ce mijinta marar kunya ne a kan a ce ba shi da lafiya, domin tana ganin ko wanne aka ce za a ɗauke ta, amma na farko yana iya wucewa. Ban san ko daidai ta yi ba. 

Da yamma na koma lambu. Sai a ranar na lura da komayen da ya dasa da hannunsa: kowanne ya cika da iri reras, amma gefe guda an bar shi fili, faɗin tafin hannu ko fiye. Ƙila na sha ganin haka ban kula ba. Muna zaune a kan kunya yana kallon gaba, na ciro albasa na miƙa masa ta dama, ya karɓa ya ce ai wannan ba ta ƙosa ba. Na zagaya na zauna ta hagunsa, na ciro wata na riƙe ta kusa da kuncinsa. Ya ci gaba da zancen injin ban-ruwa da yake son saye. Na matsar da ita a hankali, sai da ta zo daidai hancinsa ya zabura.

Muka sake gwadawa. Ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan, duk abu guda ne. Ya ajiye albasar da ke hannunsa. Na zaci zancen makanta zai yi, ko na lambun. Sai ya ce, "Kenan shina nan. Kullum shina nan ina wucewa."

Ya tashi zai tafi gidan Kawu a take, na riƙe shi. Na ce mu fara jin ta bakin likita, domin ina tsoron kada mu je da magana rabi a ce wata dabara ce. Har yanzu ban tabbata jinkirin ya dace ba, amma haka aka yi.

A Sakkwato likita ya haska idanun Yaya, ya ce ya kalli hancinsa shi likitan, yana kaɗa masa yatsu ta nan da ta can. Ya ce idanun kansu lafiyarsu ƙalau, a cikin kai ne hanyar gani ta samu matsala, shi ya sa rabin hagu ya ɓace a duka biyun. Ya ce irin wannan ciwo yakan bar baya da ƙura ko bayan an gama magani: wani lokaci ɗan ƙulli ne ke girma a inda ciwon ya zauna, wani lokaci jijiya ce ke toshewa. Na'urar da za ta nuna wanne ne ba su da ita, tana can nesa. Ya ce mai irin wannan ba duhu yake gani a gefen ba, shi a wurinsa duniya a cike take, don haka ba ƙarya yake yi ba in ya ce babu kowa. Ni ba likita ba ne, kuma da Turanci aka yi maganar cikin sauri, mai yiwuwa na kuskure wani abu. Ya mayar da shi kan magani, ya hana shi keke, ya ce kada mu sa rai sosai cewa ganin zai dawo.

Ni aka tura in yi wa Kawu bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Idon da ke zura zare ga allura shi na ba ya ganin mutum zaune?" Na ce haka likita ya ce. Ya ce, "Kai dai ƙanensa na." Na taso ban san inda muka tsaya ba. Abin da matar Yaya ta ji tsoro ma yana nan, domin ya tambaye ni sau biyu ko ciwon ne ya dawo.

Kwana biyu bayan haka, ko uku, da la'asar, Yaya na zaune a tsakar gida yana tufka igiya, ni ina gefe ina duba aikin ɗalibai. Sai ga Kawu ya shigo. Rabonsa da cikin gidanmu tun ranar da ya ɗauke 'yarsa. Ya yi sallama can ƙasa-ƙasa daga zaure, Inna ce kaɗai ta amsa daga madafa, ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru, ni ma haka. Ya zagayo a hankali ya zauna a kan tabarmar, ta hagun Yaya, gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Yaya na ta murza igiya a cinyarsa. Kawu na kallon fuskarsa. Ya ɗaga hannu ya kaɗa, kamar yadda na ba shi labarin likita ya yi. Ya sake kaɗawa. Sannan ya sauke hannun ya bar shi a kan gwiwarsa.

Ina jin ƙamshin turarensa ne ya kai ga Yaya. Ya tsaya da tufkar, ya juyo da kansa gaba ɗaya, sai ga surukinsa a jikinsa. Ya yi wuf zai tashi, yana laluben takalmin da ke ƙafarsa don ya cire. Kawu ya riƙe masa idon sawu.

"Bar su," ya ce. "Zauna."

Yaya ya fara ba da haƙuri, Kawu ya katse shi. Ya tambaye shi kan yana ciwo yanzu, ya ce da sauƙi. Ya tambaye shi yaushe za a koma asibiti. Da aka gaya masa ya ce, "Da ni za a tahi." Matar Yaya tana tsaye a bakin ɗakinta da yaro a goye, ba ta matso ba. Kawu ya dube ta ya ce, "Ke kuma kin sani kika yi shiru." Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "To ki riƙa bi mai ta hagu in za ku fita." Daga nan ba a sake zancen komawarta gida ba, a iya sanina.

Ya tafi da mu Sakkwato kuwa. A motar Jega ya nace sai ya zauna ta hagun Yaya, wai kada wani ya bangaje shi. A asibitin ya rufe hancinsa da gefen rawani tun daga bakin ƙofa har muka fito, amma ya shiga, ya zauna a benci ɗaya da masu tari.

Saura maganar safiya. Yaya ya koma tafiya fadama a ƙasa, ya koyi juya kai, amma yakan manta, musamman in hankalinsa na kan ruwa. Kawu ya fara gwada mayar da buzunsa tsallaken hanya, kusa da mai ƙosai. Bai yi mako ba ya dawo, saboda rana da hayaƙi, dattawan ma suka ƙi binsa. Sai ya ɗauki wata hanyar. Da ya hango Yaya tafe, tun kafin ya ƙaraso, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga ni hagunka." Yaya ya tsaya, ya cire takalmi, ya juyo ya durƙusa. A garinmu babba ba ya fara yi wa surukinsa magana, kuma an yi ta zancen abin har a kasuwar Aliero. Ɗaya daga cikin dattawan ya riƙa tsokanarsa cewa ya zama ladan. Kawu ya ce in sun ga dama su karɓar masa aikin ranar da muryarsa ta dushe, kuma na ji an ce sun karɓa ɗin, lokacin da mura ta kama shi.

Ciwon kan ya tafi bayan zagaye na biyu na magani. Ganin hagu bai dawo ba, ko da yake Yaya yakan ce yana jin kamar ya ɗan buɗe, ni dai ban ga alama ba. Ya ci gaba da noman albasarsa, yana dasa komi ya zagaya ta ɗaya gefen ya cike inda ya bari. Matarsa na ɗakinta, sun ƙara 'ya'ya. Kawu ya ci gaba da kiran nan har ƙafarsa ta daina kai shi bakin zaure.

Inna da Kawu sun riga mu gidan gaskiya, dattawan nan ma ina jin babu wanda ya rage. Amma akwai waɗanda suka ga wannan abu suna samari, a Jiga Makera da Karaye da Gehuru. Matar Yaya ta riga ta ce mini ba a gindin rudu muka yi magana ba, a bakin rijiya ne, kuma wai ba ta yi dariya ba. Na bar shi yadda nake tunawa, amma ƙila ita ce da gaskiya. Duk wanda ya san wani wuri da na kauce, ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, musamman Kawu da ba ya nan balle ya kare kansa, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara.